Man difarenshiyal a motar gudu: wanne kuka zuba, me kuka gani?

Mai MX-5:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mazda MX-5 gare ni, ƙirar 1999, a hannu na saye ta. Makon jiya na juye tsohon man difarenshiyal, wato akwatin giyan da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyin baya, na zuba sabo, 75W-90 mai lambar GL-5 (na farko kaurin man ne, na biyu ajinsa). Tun daga ranar, in dai na karya kwana a hankali, kamar wajen fita daga inda na ajiye ta, sai bayan motar ya kama karkarwa yana gaf-gaf-gaf, kamar taya na turjewa. A miƙaƙƙiyar hanya kuwa shiru kake ji. Abin ya tsaya mini a rai, don da hannuna na yi aikin kuma ina ji da motar nan. Don Allah duk wanda ya taɓa canza wannan mai a motarsa ya faɗa mana abin da ya zuba da abin da ya biyo baya.

Mai Mustang:
Wa alaikumus salam. Malam, na san wannan karkarwar. Tawa tana da difarenshiyal irin Traction-Lok, wanda ke da faifan kuloci a ciki, su ne ke riƙe tayoyin baya kada ɗaya ta yi ta juyawa a banza. A kwana dole faifan su zame wa juna a hankali, tunda tayar waje ta fi ta ciki tafiya. In man bai da sinadarin da ke daidaita santsi, sai su kama su saki, su kama su saki. Abin da kake ji ke nan. Ni wani makanike ne ya zuba mini mai ya manta da sinadarin. Da na ƙara 'yar kwalbarsa, mililita 118 kamar yadda aka tsara wa motar, na ɗan zagaya, sai ta yi lakwas.

Mai Toyota 86:
Yaya, a dakata tukuna kafin ya sayi sinadarin. MX-5 ta 1999, in ta zo daga kamfani da difarenshiyal mai hana taya zamewa, irin da ake kira Torsen ne, kuma babu kuloci a cikin Torsen, haƙoran giya ne zalla masu murɗe. Tawa ma shi ne a ciki, littafinta 75W-85 GL-5 ya ce, lita ɗaya da ɗan ɗori. Na taɓa ƙara wannan sinadari saboda na ji ana yabonsa. Ba abin da ya lalace, amma a kwana mai kaifi na riƙa jin tayar ciki tana saurin sakin ƙasa fiye da da. Torsen da gogayyar haƙora yake raba ƙarfi tsakanin tayoyi, in ka ƙara masa santsi ka rage masa riƙo. Na juye na koma man da littafi ya ce. Shi ya sa nake mamakin karkarwar taka, bai kamata Torsen ya yi haka ba.

Dattijo makanike:
Yaran nan kowa ya faɗi gaskiya a kan motarsa. Ɗana mai tambaya, kai ba ka san abin da ke cikin taka ba tukuna, kuma daga nan ake farawa. Motar gudu da aka saya a hannu, sau nawa na buɗe bayanta na tarar mai ita na farko ya cire na kamfani ya sa mai kuloci!

Ɗaga bayan motar duka, ka tokare ta da kyau, kada ka dogara da jak kaɗai. Giya a furi, ka saki birkin hannu. Juya taya ɗaya da hannu ka dubi ɗayar. In ta bi ta suka juya gefe guda da ɗan tauri, kuloci ne a ciki. In ta juya akasin haka, to ko buɗaɗɗe ne, wato na gama-gari marar hana zamewa, ko Torsen, don Torsen in ba nauyi a kansa haka yake yi.

Maganar GL-5 kuwa ka yi daidai, kada kowa ya ce ka sauka zuwa GL-4. Haƙoran difarenshiyal ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, har da gurzawa, saboda ƙaramin giyan yana zaune ƙasa da tsakiyar babban. Matsin da ke wajen yana iya matse man ya fita, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. GL-5 yana ɗauke da sinadaran farar wuta da fosfaras masu yawa, zafi na tashi sai su yi wa ƙarfen rufi. Su ne ma ke ba shi warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. An taɓa kawo mini wata da aka zuba wa GL-4 a baya, da gudu tana ƙugi kamar iska a bututu. Na buɗe, fuskar haƙoran ta cinye. Ba man da zai mayar da ita, sai da muka canza giyan biyu. Kuma a kiyaye da juyin abin: giyabos mai zoben tagulla da aka rubuta masa GL-4, in ka ɗura masa GL-5 giya na iya fara yi maka gardama. Kowane rami da mansa, sai a motocin da giyabos da difarenshiyal ke gida ɗaya, nan littafi ne kaɗai alƙali.

Mai zuwa filin tsere:
Baba ya gama magana. Ni a kan kauri zan ƙara. Lambar farko mai W ta sanyi ce, ta biyu ta zafi ce a digiri 100 na Salshiyos. Mai 90 kaurinsa daga 13.5 zuwa ƙasa da 18.5 yake a ma'aunin kaurin mai da ake kira santistok, mai 140 kuwa daga 24 yake farawa. Ina shiga fili minti ashirin a jere, bayan motar yana yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa, man 90 ya fito mini baƙi ƙirin yana ƙauri. Na koma 75W-140 na haɗin kimiyya, kuma ina canzawa bayan 'yan fitowa kaɗan. Amma ban ba wanda yake hawa titi kawai shawarar ya bi ni ba. Mai kauri yana jan ƙarfi, yana ƙara shan fetur, da sanyin safiya kuma nauyi gare shi.

Mai S2000:
Abu ɗaya daga gare ni. Ku fara kwance notin zubawa na sama kafin na juyewa na ƙasa. Na taɓa juye man duka, na sama ya ƙi motsi, motar ta kwana biyu a tokare. Mota ta tsaya daidai ba karkace ba, a zuba har man ya fara leƙowa daga bakin ramin, a sa sabuwar washa. Ku duba maganaɗisun notin ƙasa: laushin gari baƙi ba komai, ɓarɓashin da yatsa ke ji shi ne abin tsoro.

Mai MX-5:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na yi gwajin da ka ce, tayoyin gefe guda suka juya, da tauri. Na nemi wanda ya sayar mini, ya tabbatar shi ya sa mai kuloci shekarun baya. Na samo takardar masu ƙera shi, GL-5 ɗin suka ce amma mai ɗauke da sinadarin santsi. Na sayo kwalbar sinadarin, amma ban juye ta duka ba, don takardar ta yi gargaɗin cewa in ya yi yawa riƙon yana raguwa. Rabi na zuba, na je fili babu kowa na yi ta zagaye dama da hagu kamar ina zana lamba 8, wajen sau goma. Karkarwar ta ragu amma da saura, sai na ƙara kaɗan na sake zagayawa. Yau da safe na fita da ita a sanyi, na karya sitiyari har ƙarshe, ban ji komai ba. Notin ƙasa ma na duba tun ranar farko, gari ne mai laushi kawai.

Dattijo makanike:
Madalla, ɗana. Rubuta irin difarenshiyal ɗin da adadin da ka zuba a bangon littafin motar, da kilomitan da take kai yau.