Me ya haɗa mai sayar da siliki da haƙa mashigin Suwez?

Alhaji na Wadata, Yamai:
Assalamu alaikum. Ɗiyata tana lise, mushensu na tarihi ya ce musu tun kafin Ferdinand de Lesseps, Bafaranshen da ya jagoranci aikin, akwai wani ɗan kasuwar birnin Liyon na Faransa da ya tsaya kan maganar haƙa mashigin Suwez. Ni shadda da atamfa nake sayarwa, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Wane ne shi, kuma me ya kai mai tufafi ga haƙar ƙasa?

Malam Isufu, Tawa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mushen ya yi gaskiya. Sunansa François Arlès-Dufour, dillalin siliki ne. A 1846 shi da abokinsa Prosper Enfantin suka kafa ƙungiyar nazarin mashigin, suka jawo injiniyoyi daga Faransa da Ingila da Ostiriya. Awon da aka yi a 1847 ya rushe tsohon zancen cewa Bahar Maliya ta fi Bahar Rum tudu sosai.

Dalilinsa kuwa, kai ka fi ni saninsa. Kayan Sin da Indiya sai jirgi ya zagaye nahiyar Afirka ta gefen kudu, yawanci a sauke su a Landan, mutanen Liyon su saya a hannu na biyu. Da cuta ta faɗa wa tsutsar siliki a Faransa a shekarun 1850, masaƙa suka koma dogaro da zaren Asiya, buƙatar gajeriyar hanya ta ƙara tsananta. Sai dai Lesseps ne ya samu izini daga Sa'id Pasha, mai mulkin Masar, a 1854, ya ture su gefe. Aka fara haƙa a 1859, aka buɗe a Nuwamba 1869. Yana mini ciwo yadda littattafan lakkwal ba su cika ambaton Arlès-Dufour ba, alhali yana cikin waɗanda suka kafa bankin Crédit Lyonnais a 1863.

Hajiya Mariyama, Yamai:
Malam, a gaya wa yarinyar har da wannan: talakawan Masar aka kwaso daga gonakinsu aikin tilas, da hannu da kwando suka fara haƙar. Bashi kuma ya ci sarkinsu Isma'il har ya sayar wa Ingila hannun jarinsa a 1875 kan fam miliyan 4. Sai 1956 shugaban Masar Nasser ya maido mashigin hannun ƙasa.

Alhaji na Wadata:
Allah ya saka muku da alheri, Malam da Hajiya. Yanzu na gane mutumin. Tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, dilolina ta Lome da Burkina suke biyowa, kamyo ya yi makonni yana jiran rakiya, kuɗin kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Da za a kira taro kan titin jirgin ƙasa da ya tsaya a Faraku ta Benin bai iso Nijar ba, wallahi zan rufe shago in je. Malam, ƙungiyar tasu ta samu wani kaso bayan an buɗe mashigin?