Kayan kiɗa ko taron unguwa: me za mu yi da kuɗin matasanmu?

Ɗan Zonkwa:
Ɗaukaka ga Yesu, girma ga Maryamu. Iyayena da 'yan'uwana, ina neman shawararku a kan wata magana da ta tsaya mini a rai. Ni ne shugaban matasa masu jin Hausa a wani faris (cocin Katolika) da ke ɓangaren Agege a Legas, inda ake yi mana Mas da Hausa da ƙarfe biyu na rana kowace Lahadi. A littafinmu akwai sunaye 74, amma waɗanda nake gani a kan benci ba sa wuce 20, kuma rabinsu 'yan kwaya ne. Sauran masu gadi ne, da 'yan aikin gida, da masu dako a mayankar Oko-Oba, da 'yan makaranta. Wasu aiki ne yake hana su, wasu kuwa sun faɗa mini baki da baki cewa ba su ga abin da zuwa coci zai ƙara musu ba.

Cikin shekara biyu mun tara naira 850,000 ta hanyar karo-karo da wankin motoci a harabar coci. Fada ya ce kuɗin namu ne, amma yana son jin matsayarmu kafin Lahadin farko ta Adbent, wato lokacin shirin Kirsimeti. 'Yan kwaya suna son a sayi kibod da lasifika, domin har yau ganga ɗaya da kacau-kacau muke amfani da su. Ni kuma zuciyata ta fi karkata ga a kafa ƙananan tarurruka uku a Dopemu da Ogba da Iyana-Ipaja, daren Alhamis, a karanta Bisharar Lahadi mai zuwa, a yi Rosari, a ci ɗan abinci, a biya wa marasa hali kuɗin mota. Duk wanda ya taɓa gwada ɗaya daga cikin biyun, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Bulus na Mile 12:
Ɗan'uwa, ku sayi kayan kiɗa, ba sai kun tsaya dogon tunani ba. Matashin Legas da kunnensa ake kama shi. Duk wanda ya taɓa wucewa ta hanyar Legas zuwa Ibadan a daren babban taron majami'un Fentikos ya san irin sautin da yaranmu suke ji, sa'an nan su dawo wurinmu su tarar da ganga mai yagaggiyar fata. Bara mun sayi kibod ɗin Yamaha a kasuwar Alaba a kan naira 380,000, lasifika biyu da makirufo suka ci 300,000, kuma tun daga lokacin bencin baya ya fara cika.

Rifkatu Obalende:
Yaya Bulus, ban musa maka ba, amma wannan farashin na bara ne. Wata biyu da suka wuce na raka shugaban kwayarmu Alaba, kibod mai ɗan dama-dama ba mu same shi ƙasa da 600,000 ba. Kuma ba ka yi lissafin janareta da man da zai sha ba, alhali kowa ya san yadda man fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

Bulus na Mile 12:
Sabo kuka nema, shi ya sa. Na hannu yana nan a 250,000 idan mutum ya san wurin wa zai je.

Maman Godiya:
Ɗana shugaban matasa, ka yi haƙuri, ba zan iya ba ka amsa a kan farashi ba, amma tun da na karanta maganarka hawaye suke zuba mini, dole in faɗi abin da ke cikina. Ɗana na fari ya yi shekara takwas yana hidimar bagadi. Tun yana ɗan shekara goma shi ne yake tashina da asuba domin kada mu makara, ni nake wanke masa farar rigarsa in goge ta da dutsen guga na gawayi. Da ya gama sakandare babu kuɗin ci gaba, sai kawunsa ya ɗauko masa babur na biya sannu-sannu ya shiga acaɓa. A shekarar 2022, da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, babur ɗin ya tafi, bashin kuma ya rage a wuyansa.

Yaron nan ya yi wata biyar bai taka coci ba. Kunya ce ta hana shi, domin wanda ake binsa bashin a coci ɗaya muke. A cikin wata biyar ɗin babu wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ko daga matasa, ko daga masu hidimar bagadin da suka tashi tare. Ranar da wayarsa ta yi ƙara da saƙo daga coci ina zaune kusa da shi ina gyaran wake, na ga fuskarsa ta washe, ya buɗe da sauri. Saƙon tuni ne cewa bai biya kuɗin godiyar girbi na matasa ba, kuma za a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba. Ya miƙo mini wayar bai ce komai ba, ya sa takalminsa ya fita.

Yanzu yana gadi a Ajah. Bai koma wata majami'a ba, kuma bai bar addini ya shiga wani ba, zama kawai yake yi. Idan na yi masa magana sai ya ce, Mama, Allah ya san inda nake, su ne ba su sani ba. Kullum yana kan waya, ƙwallo da caca. Cocinmu kuwa akwai kibod biyu da ganguna na zamani, ana jin kiɗanmu tun daga bakin titi. Ni dai abin da na gani ke nan.

Rifkatu Obalende:
Mama, Allah ya share miki hawaye, ya dawo da shi. Ina da ƙane mai irin wannan hali, sai dai shi jami'a ce ta sauya shi. Ya dawo da tambayoyi a kan kimiyya da wahalar duniya da dalilin da ya sa ake furta zunubi ga Fada, duk wanda ya tambaya sai a ce masa ya yi addu'a kawai. Paparoma Francis ya kira taron bishop-bishop a kan matasa a Oktoban 2018, a shekarar 2019 kuma ya fitar da wasiƙar Christus Vivit, kuma abin da ya nanata a cikinta shi ne a saurari matasa, a yi tafiya tare da su, a bar su su zama masu kai bishara ga 'yan'uwansu matasa. Carlo Acutis, matashi ɗan Italiya wanda Paparoma Leo na 14 ya ayyana a matsayin waliyyi a Satumban 2025, ya rasu a 2006 yana ɗan shekara 15, kuma da kwamfuta ya yi aikinsa na tattara labaran al'ajiban Yukaris, wato Jibin Ubangiji. Saboda haka wayar nan da muke kuka da ita ba ita kaɗai ce matsalar ba. Taron unguwa zai yi amfani ne idan mai tambaya zai sami wanda zai zauna ya amsa masa ba tare da tsawa ba.

Baba Katekis:
Salamar Almasihu ta kasance da ku duka. Na yi shekara 31 ina aikin katekis, daga ƙasar Filato har zuwa nan Legas, kuma ina so 'yata Rifkatu ta sani cewa wannan abu ba sabo ba ne, ba sai mun jira takarda daga Roma ba. Lokacin da Fada-Fadan ƙungiyar 'yan mishan ta SMA suka isa Shendam a 1907 ba su zo da lasifika ba. Daga baya katekis ne yake hawa keke daga ƙauye zuwa ƙauye, ya san sunan kowane yaro da sunan kakarsa, idan bai ga mutum Lahadi biyu ba zai je gona ya same shi. Zumunta a ƙafa take. Bayan taron bishop-bishop na Afirka, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar da wasiƙar Ecclesia in Africa a 1995, inda aka kira Ikilisiya iyalin Allah, aka kuma ƙarfafa ƙananan al'ummomin Kirista na unguwa. Abin da ɗana na Zonkwa yake so ya yi, shi ne wannan.

Amma ina da gargaɗi. Na ga irin waɗannan tarurruka sun tashi da ƙarfi sun mutu cikin wata huɗu, na kuma ga wanda ya rikiɗe ya zama wurin wani yaro mai cewa yana ganin wahayi, har ya kwashe mutane goma sha wani abu ya buɗe tasa majami'ar a shagon haya. Kada ku fara sai kowane taro yana da babba mai aure da zai zauna a ciki, kuma Fada ya san abin da ake koyarwa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Istifanus Ijora:
Baba, da girmamawa nake magana, amma a nan ne muke samun matsala da ku. Da zarar an ce babba ya zauna a ciki, taron ya zama aji na katekisim, yaro ba zai buɗe baki ya ce yana caca ko yana zaune da yarinya ba tare da aure ba. Ni mai gadi ne, awa goma sha biyu nake yi a bakin ƙofa, Lahadi ɗaya nake samu a wata. Ina ganin wanda ya kamata a fara tambaya shi ne irina, ba wanda yake zuwa Mas kowace safiya ba.

Baba Katekis:
Ɗana, da ba a zauna da kai a ajin katekisim ba, da wa ya koya maka alamar gicciyen da kake yi a bakin ƙofar? Ban ce babba ya karɓe magana ba, na ce ya kasance a wurin.

Bulus na Mile 12:
Ni kuma ina ganin a cikinmu nan ni kaɗai ne na taɓa fitar da kuɗin ƙungiya na sayi abu na ga sakamakonsa, saura duk labarin da da karatun takarda ne.

Rifkatu Obalende:
Yaya Bulus, Maman Godiya ba labarin takarda ta ba mu ba. Kuma ka faɗa mana gaskiya, waɗanda suka cika bencin bayan nan, sababbi ne ko kuwa 'yan Mas ɗin Turanci ne suka sauya lokaci domin su ji kiɗa?

Audu Mai Shayi:
Jama'a, kun bar babbar magana kuna ta ƙanana. Shugaba ya ce za a ci ɗan abinci, to wane iri? Idan dafa-duka ce da nama, ku rubuta sunana a Dopemu da Ogba da Iyana-Ipaja gaba ɗaya, kuma na yi alkawarin zuwa da abokaina biyar waɗanda rabonsu da coci tun bikin Kirsimetin bara. Ubangiji ma da ya ga taron mutane a jeji bai sallame su da yunwa ba. Shayi da burodi na mutum 15 zan iya yi muku a kan naira 12,000 kowane dare.

Maman Godiya:
Audu, ka sa ni dariya ina cikin kuka. Amma 12,000 ta yi yawa. Mu a Zumuntar Mata Katolika muna dafa wa mutum 30 shinkafa da wake da abin da bai kai haka ba, domin kowace mace tana kawo gwangwani biyu daga gida. Idan an fara, ni zan ɗauki girkin Ogba.

Istifanus Ijora:
Maganar saƙon da aka aika wa ɗan Mama ita ce ba ta bar ni ba. A wurinmu ma haka ne. Kuɗin girbi na iyali daban, na ƙungiyar maza daban, na matasa daban, na al'ummar masu jin Hausa daban, ga na gini. Mutumin da albashinsa 60,000 ne kuma yana aika rabi gida, ina zai samo? Ga shi Mas ɗinmu kullum ƙarfe biyu na rana, lokacin da rana ta fi zafi kuma kowa ya gaji, amma wurin rabon kuɗi ana tunawa da mu da wuri.

Baba Katekis:
A nan dole in yi adalci. Coci ba ta da rijiyar mai, kuma dizal ɗin da ake kunna wuta da shi, da gyaran rufi, da taimakon da ƙungiyar Vincent de Paul take kai wa marasa lafiya, duk daga baikon jama'a suke fitowa. Lokacin Mas kuwa, faris ɗin Legas yana da Mas huɗu ko biyar a ranar Lahadi, ga Turanci ga Yarbanci ga Ibo, wani lokaci ma sai an nemo Fada mai jin Hausa daga wani wuri bayan ya gama nasa aikin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karanta sunayen waɗanda ba su biya ba. Na faɗi haka a gaban majalisar faris ɗinmu, kuma zan sake faɗa.

Ɗan Zonkwa:
Na gode muku duka, iyayena da 'yan'uwana. Har yanzu ban san abin da zan faɗa wa Fada ba, domin idan na hana 'yan kwaya kayan kiɗa ina tsoron in rasa goman da suke riƙe da Mas ɗin, ga shi farashin da kuka ba ni bai zo ɗaya ba. Asabar za mu zauna. Daren jiya dai na ɗauko littafinmu na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai na tarar akwai mutum 19 da ban san ma unguwar da suke kwana ba, kuma ni ma da hannuna na aika musu saƙon kuɗin girbi a watan jiya. Mama, idan kin yarda, ina so in je Ajah in gai da ɗanki, ko da yake ba faris ɗinmu ɗaya ba.

Maman Godiya:
Na yarda, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba, bari in fara yi masa magana. Ranar Talata yake hutu. Idan ka je kada ka fara da maganar coci, ka tambaye shi ƙwallo.

Istifanus Ijora:
Baba Katekis, tun da kana cikin majalisa, ina da tambaya. Wani abokin aikina ɗan Kafanchan ya rasu a watan Yuli, da muka je neman a yi masa Mas kafin a ɗauki gawarsa zuwa gida, abin da aka fara tambayarmu shi ne katinsa na biyan kuɗi. Shin wannan dokar Ikilisiya ce, ko kuwa tsarin faris ne kawai?