Fim ɗin Children of Blood and Bone, ya kuke ganin 'yan wasan?

Tambaya: Salam 'yan uwa, Gina Prince-Bythewood ce darakta, ita ta yi The Woman King, ga Thuso Mbedu a matsayin Zélie. Labarin Yarbawa fa, amma jarumar 'yar Afirka ta Kudu, anya zai yiwu kuwa?

Amsa: 'Yar uwa ni Thuso ba ta dame ni ba wallahi ta iya aktin sosai, damuwata lafazi ne, kar su zo suna murɗe sunayen da Tomi Adeyemi, marubuciyar littafin da aka ɗauko fim ɗin daga ciki, ta rubuta, mu a nan kunnenmu zai kama nan take.

Amsa: Ai akwai 'yan Najeriya, ɗan wasa Richard Mofe-Damijo (RMD) da mawaƙiya Ayra Starr a ciki.

Amsa: Eh malam, amma manyan rol ɗin duk na waje aka ba, Damson Idris ma da ke cikinsu a Landan aka haife shi.