Wai me za mu kira carnivorous plants da Hausa?

Jama'a ina neman shawararku. Na ga yawanci ana rubuta "tsiro mai cin nama", to ni gaskiya sunan nan bai kwanta min ba, kuma ba maganar daɗin baki ba ce, sunan yana jawo a kashe tsiron. Mutum ya samu Venus flytrap, tsiron da ganyensa ke rufewa kamar tarko, ya ji an ce mai cin nama ne sai ya yanko tsoka ya cusa masa, kitsen ya ruɓe a ciki tarkon ya yi baƙi ya bushe. Abincinsa ƙwari ne fa, ƙuda, gizo-gizo, tururuwa, shi ma ƙwaron kada ya wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na girman tarkon, kuma sai mai motsi domin akwai wasu 'yan gashi a ciki da sai an taɓa su sau biyu cikin daƙiƙa 20 kafin ya rufe, bayan ya rufe ma motsin ƙwaron ne ke sa shi ya fara narkarwa.

Kuma ba yunwa ke sa shi kamun ba. Hasken rana ne ke raya shi kamar kowane tsiro. Asalin Venus flytrap fadamun Karolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka, ƙasar wajen ba ta da naitirojin (sinadarin da tsiro ke buƙata don girma) sosai shi ne yake tatsowa daga jikin ƙwari, shi ya sa a gida ba a sa masa taki sam, ba a ba shi ruwan famfo don ma'adinan ciki na ƙona saiwarsa, sai ruwan sama ko tataccen ruwan da aka cire wa ma'adinai, ƙasar tukunyar kuma kullum da damshi.

Ni dai abin da na zaɓa shi ne kama-ƙwari, irin ginin su tattaɓa-kunne da rufa-ido. Dalilina, ba dukkansu ke da baki mai rufewa ba. Tsiron Nepenthes na tsibirin Borneo tulu gare shi, ƙwaro ya zo lasar zaƙi santsi ya kwashe shi ya faɗa ruwan ciki. Tsiron Drosera kuwa danƙo ne a ganyensa. Duk dai kamu ne. Sai mu ce tarkon ƙuda, ɗan tulu, mai danƙo, ko wanne da nasa.

Na san wani zai ce ai Nepenthes rajah, wani babban nau'in mai tulun, har ɓera da kwaɗo kan faɗa masa. Haka ne, amma wannan a daji ne kuma jefi-jefi, wanda ke kan tagarka ƙwari zai kama.

Inda na tsaya shi ne jam'i. Mu ce tsirran kama-ƙwari kawai, ko akwai mai wanda ya fi wannan zama a baki?