Hukumar sa ido kan 'yan sanda: ta farar hula ce ko ta tsofaffin 'yan sanda?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Wallahi raina a ɓace yake. Makon jiya 'yan sanda suka zo unguwarmu neman wani yaro da ake zargi da satar waya, da ba su same shi ba sai suka tafi da ƙanena, don kawai ɗaki ɗaya suke haya. Ya kwana bayan kanta, ba a tuhume shi da komai ba, sai da muka haɗa kuɗi aka sake shi, ga kuma rubutu ɓaro-ɓaro a bangon caji ofis wai beli kyauta ne. Na shiga tambaya ina talaka zai kai kukansa, aka ce mini akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, PSC, wai ta farar hula ce. To ku dubi waɗanda suka shugabance ta. Parry Osayande, tsohon Mataimakin Sufeto Janar. Mike Okiro, tsohon Sufeto Janar. Musiliu Smith, tsohon Sufeto Janar. Marigayi Solomon Arase, shi ma haka. Hashimu Argungu da Tinubu ya naɗa a 2024, tsohon Mataimakin Sufeto Janar. Magana biyu gare ni. A daina ba tsohon ɗan sanda wannan kujera, sannan a horas da mambobin hukumar da ma'aikatanta aikin bincike na gaske, su daina dogaro da 'yan sanda wajen binciken 'yan sanda. In ba haka ba, an ba kura ajiyar nama ne kawai.

Maman Ilham: Subhanallah. Allah ya saka muku, Allah ya kiyaye gaba.

Ɗan Sufeto: Malam, su wa kake kira kura? Mahaifina ɗan sanda ne, a bariki aka haife ni, har ya koma ga Allah bai mallaki ko fuloti ba. Shi ma kura ne? Ka janye wannan kalma.

Baban Khalifa: Allah ya jiƙan Baba. Ni ban ambaci mahaifinka ba, karin magana ce.

Ɗan Sufeto: Karin magana ma zagi ce idan an ɗora ta a kan mutane. Kura ɓarauniya ce. Ka lissafa sunan dattawa biyar, ka rufe da kura. Me kake so mu fahimta?

Na Kantin Kwari: To in ba kura ba mene ne sunan wanda zai tsare ka a hanya da kayanka da rasit ɗinka, ya ce sai ka ba da na goro? Ɗan Sufeto ka yi haƙuri, amma mu da muke bin hanya da kaya mu muka san abin da muke gani.

Tsohon Saje: 'Ya'yana, ina karanta ku. Na yi kaki na ajiye. Ku da kuke cewa kura, kun taɓa shiga bariki kun ga inda ɗan sanda yake kwana da iyalinsa? Kun san da aljihunsa yake zuba mai a motar sintiri wani lokacin? Tsofaffinmu ga su nan suna zanga-zanga a Abuja a fitar da su daga tsarin fansho na karo-karo, saboda abin da ake ba su ba ya kai su tsakiyar wata. Babu wanda ya rubuta a kan wannan a nan.

Baban Khalifa: Baba, ranka ya daɗe, ban musa wahalarku ba. Amma maganar hukumar nake yi.

Barista: Bari in sa baki, tunda an fara nisa da batun. Kama ƙanenka a madadin wani haramun ne ƙarara a doka. Sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'o'in Laifuka ta 2015 ya hana, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta sake hanawa. Hukumar kuwa tsarin mulkin 1999 ne ya kafa ta, dokar 2001 ta fayyace aikinta: ɗaukar 'yan sanda aiki, ƙara musu girma, ladabtar da su da korarsu, kowa da kowa ban da Sufeto Janar. A cikin mambobinta doka ta ware kujera ga tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ko ta Ɗaukaka Ƙara, da tsohon babban ɗan sanda, da wakilcin mata, da 'yan jarida, da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, da 'yan kasuwa. Ku lura, tsohon ɗan sanda yana da kujerarsa tun asali. Babu inda aka ce shugaban ma sai ya zama shi. Wanda ya fara shugabantar hukumar bayan dokar 2001, Cif Simon Okeke, bai taɓa sa kaki ba. Daga 2008 ne aka mayar da abin al'ada.

Ɗan Sufeto: Barista, da girmanki, amsa ɗaya nake so. Ya dace a kira su kura ko bai dace ba?

Barista: Ni ba zan yi amfani da kalmar ba. Amma ba ita ce matsalar ba.

Ɗan Sufeto: Alhamdu lillahi. Kun ji dai lauya ta ce bai dace ba.

Barista: Ba haka na ce ba, ƙanena.

Malamin Firamare: Ni abin da ban gane ba, wanda ya yi ritaya ai ya zama farar hula. Ya tuɓe kaki, ya mayar da bindiga, yana zaɓe kamar kowa. Ina laifin a ba wanda ya san aikin? Ka ɗauko wanda bai san bambancin kofur da saje ba ka ce ya yi ƙarin girma, ai wasa za su yi da hankalinsa.

Na Kantin Kwari: Kakin jiki ya tuɓe, Malam. Yaran da ya ɗauka aiki da hannunsa su ne kwamishinoni yau. Zai kori yaronsa saboda ƙanen Baban Khalifa?

Malamin Firamare: Wannan zato ne. Kawo hujja.

Na Kantin Kwari: Kowa ya sani.

Barista: Malam ya taɓo abu mai muhimmanci, kuma shi ne rabin maganar Baban Khalifa da kowa ya tsallake. Gaskiya ne farar hular da bai san aikin ba za a juya shi. Maganin wannan horaswa ce. Ba bitar kwana biyu a otal da rabon alawus nake nufi ba. Ma'aikacin da zai binciki koke dole ya iya ɗaukar bayanin wanda aka zalunta ba tare da ya tsorata shi ba, ya iya karanta littafin da ake rubuta shige da ficen waɗanda aka tsare, ya gane idan an cike shi daga baya. Ya san yadda ake karanta rahoton likita a kan wanda aka doka, ya san Dokar Hana Azabtarwa ta 2017, ya san tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Idan babu mutane irin waɗannan a hannun hukuma, koken da aka kawo mata ƙarshenta wurin 'yan sandan zai koma a ce su bincika. Ku ƙara da cewa ladabtar da ƙananan ma'aikata, daga kurtu zuwa sufeto, hukumar ta miƙa shi ga Sufeto Janar. Su kuwa su ne talaka yake haɗuwa da su a kanta da kan titi.

Ɗalibi a Nairobi: Anti Barista ta yi gaskiya. A nan Kenya akwai IPOA, hukuma mai zaman kanta da ke sa ido kan 'yan sanda, dokar 2011 ce ta kafa ta. Ɗan sanda mai ci ba ya shiga kwamitin gudanarwarta, kuma tana da nata masu bincike. Idan mutum ya mutu a hannun 'yan sanda doka ta wajabta a sanar da ita.

Ɗan Sufeto: Kenyar da aka harbe matasa a gaban majalisa a 2024? Ina IPOA ɗin take a ranar? Ka riƙe Kenyarka.

Ɗalibi a Nairobi: Yaya, ban ce ta hana kisa ba. Na ce akwai wanda zai buɗe fayil ba ɗan sanda ba.

Sarkin Samari: Ku dai ku faɗi gaskiya. Lokacin Okiro da Smith da Arase ba mu ji wannan surutu ba. Sai da aka ba ɗan Kebbi kujerar sannan aka tuna tsohon ɗan sanda bai dace ba. Mu ne kullum masu sare ƙafar namu.

Baban Khalifa: Haba Sarki. Sunansa ne na ƙarshe a jerin da na kawo, huɗun farko duk 'yan Kudu ne.

Sarkin Samari: Haka aka yi wa Abba Kyari, Mataimakin Kwamishinan 'Yan Sanda. Mutumin da rundunarsa ta kamo Evans mai garkuwa da mutane a 2017, Majalisar Wakilai ta karrama shi a 2020. Amurka na zarginsa da hannu a wata damfara wannan hukumar taku ta dakatar da shi a 2021. Da ɗan wani yanki ne da an tsaya masa.

Na Kantin Kwari: To ka ga ka faɗa da bakinka. Sai da FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, ta yi magana aka motsa. Da ni ne na kai ƙara fa?

Sarkin Samari: Kai dama ba ka son shi.

Na Kantin Kwari: Na san shi ne da zan ƙi shi? Kai da kake kare shi, NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi da ta gurfanar da shi a kotu, ita ma Amurka ce?

Barista: Laifi ko rashin laifinsa maganar kotu ce, don Allah mu bar ta can. Abin da ya shafi batunmu shi ne Sufeto Janar na lokacin, Usman Alkali Baba, shi ya ba da shawarar dakatarwar, hukumar ta amince.

Maman Ilham: Ni dai tambayata, da aka yi zanga-zangar EndSARS a 2020 aka rushe SARS, sashen 'yan sanda na yaƙi da fashi da makami, gwamnonin Arewa ba cewa suka yi su tana musu amfani ba? Mu 'yan bindiga ne suka dame mu. Idan aka takura wa 'yan sanda da bincike wa zai shiga daji?

Ɗalibi a Nairobi: Mama, wanda ya shiga daji daban, wanda ya karɓi kuɗin beli daban.

Tsohon Saje: Yaro, mutum ɗaya ne. Yau yana kanta, gobe a tura shi Birnin Gwari.

Malamin Firamare: Ni kuma abin da ya sa ban yarda da hukumar ba gaba ɗaya, ko wa ke shugabancinta, shi ne na ga a kan me take faɗa. A 2019 da za a ɗauki kurata 10,000 ta kai Sufeto Janar Mohammed Adamu kotu a kan wa ke da ikon ɗauka. Babbar Kotun Tarayya ta ba 'yan sanda gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a 2020, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa hukumar a 2023. Shekara huɗu ana shari'a. A 2024 kuma rundunar ta fito ta ƙi amincewa da jerin sunayen da hukumar ta fitar, suka yi ta musayar zargi a jaridu. A kan gurbin aiki kowa yana da ƙarfin zuwa Kotun Ƙoli. Ni irin wannan zafin nake so in gani a kan mutumin da aka tsare ba laifi.

Barista: Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi yau. Sai dai ka lura, shugabanta a lokacin da ta shigar da ƙarar tsohon Sufeto Janar ne, Musiliu Smith.

Ɗan Sufeto: Yawwa! Ashe kurar tana kai 'yan uwanta kotu. Baban Khalifa, ka ji? Har yanzu ba ka janye ba.

Baban Khalifa: Ba zan janye ba. Ƙanena ne ya kwana a ƙasa cikin fitsari, ba naka ba.

Ɗan Sufeto: To ka je ka kama ɓarawon wayar da kanka. Ranar da aka shigo gidanka da dare kar ka kira kura.

Na Kantin Kwari: Ko ya kira sai ya sayi mai.

Tsohon Saje: Kai Na Kwari, ka iya bakinka. Na haife ka.

Na Kantin Kwari: Allah ya huci zuciyarka Baba, ba da kai nake ba.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Ni da nake cikin kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a a unguwarmu na san irin ƙoƙarin da suke yi, don haka ga abin da na fahimta daga tattaunawar nan. An yi ittifaƙi cewa kalmar kura ba ta dace ba, lauyarmu ma ta faɗa. An nuna cewa wanda ya yi ritaya farar hula ne, kuma shi ya fi sanin aikin, shaida ita ce tsohon Sufeto Janar ne ya kai rundunar kotu. Misalin Kenya bai karɓu ba. Babbar matsala ita ce albashi da bariki da fansho kamar yadda Baba Saje ya bayyana. Shawarata ga Baban Khalifa, nan gaba ya nemi dattawan unguwa su raka shi wurin DPO, ana warware irin wannan cikin mutunci ba sai an kai ga rubuce-rubuce ba. A rufe maganar nan.

Barista: Ranka ya daɗe, ba a yi ittifaƙi a kan komai ba, kuma ka saka mini magana a baki. Na ce doka ba ta wajabta shugaban ya zama tsohon ɗan sanda ba, na ce hukumar tana bukatar nata masu bincike da aka horas. Ko ɗaya ba ka kawo ba. Baban Khalifa, ka rubuta koke da ranar da aka kama shi da lokacin da aka sake shi da adadin kuɗin da kuka biya da sunan wanda ya karɓa. Ka aika wa hukumar, ka aika wa sashen karɓar ƙorafi na rundunar da aka buɗe a 2015, ka ba Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa kwafi, ka riƙe wanda aka buga wa hatimi. Turo mini in duba maka kafin ka kai.