Fokas na kufce wa ɗan wasa a tsakiyar gudu: kowa ya faɗi yadda ya yi da nasa

Ɗan Bakin Layi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu ɗaukar hoton wasanni. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa a kan matsala guda. Ɗan wasa ya taho da ƙwallo, ka kama shi, kana ɗauka a jere, sai ka duba ka tarar na farko da na biyu sun fita tar, daga nan kuma allon talla ko 'yan kallo ne suka fita, shi ya koma dishi-dishi. Ina aiki da DSLR, wato kyamara mai madubi a ciki, da lens 70-200 f/2.8 (f/2.8 faɗin buɗewar lens ne), fokas a kan mai bin motsi, shota 1/1000 na daƙiƙa. Abin ya fi faruwa idan wani ya gilma tsakanina da shi. Don Allah wanda ya taɓa fama da wannan ya faɗi irin wasan, da saitinsa, da abin da ya canja.

Tsohon Hannu:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kada ka taɓa menu tukuna. Fara gano inda fokas ɗin ya faɗa, domin hoton da bai fita ba iri-iri ne, kuma kowanne da maganinsa.

Abin da nake yi shi ne in buɗe hoton a kwamfuta, in girmama shi, in bar fuskar ɗan wasan in dubi ciyawa. Za ka ga wani siririn layi a ƙasa inda kowane ganyen ciyawa ya fito ɗaya-ɗaya, gabansa da bayansa kuwa duk sun narke. Nan ne lens ya tsaya. Idan layin yana ƙarƙashin takalminsa amma jikinsa bai fita ba, to fokas ba shi da laifi, motsi ne, shota za ka ƙara. Idan layin yana bayansa da taku ɗaya ko biyu, kyamara tana binsa amma ya fi ta sauri. Idan kuwa can wajen allon talla ne ya fita, sakinsa ta yi gaba ɗaya. Akwai kuma hoton da za ka bi shi daga sama har ƙasa ba ka samu wuri ɗaya da ya fita ba, wannan ko hannu ne ya girgiza ko an danna yayin da lens ke kai-komo.

Ga lissafin da ya sa abin ke da wuya. A 200mm da f/2.8, idan mutum yana nesa da kai mita 15, wurin da zai fita tar bai wuce mita ɗaya ba a kyamara mai cikakken sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoton. Ɗan wasan da ke gudun mita 8 a daƙiƙa, kai kuma kana ɗaukar hoto 10 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto ya matso santimita 80. Ka ga ke nan a kowane hoto ya kusa fita daga inda lens ya tsaya a na baya. Shi ya sa kyamara take hasashen inda zai kai, kuma hasashen yana buƙatar ka fara binsa kafin ka fara ɗauka.

Manhajar kamfanin kyamararka, kamar DPP ta Canon ko NX Studio ta Nikon, tana nuna akwatin fokas ɗin da aka yi aiki da shi, wato alamar wurin da kyamara ta auna. Yana da amfani, amma inda akwatin yake kawai yake nunawa. Ni na fi yarda da ciyawa.

Hajiya Mai Lens:
Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne. Bari in ɗora a kan zancen gilmawa, don a ƙwallon ƙafa shi ne ya fi cin hoto. Alƙalin wasa, mai taimaka masa da tuta, ɗan bayan da ya shigo tare, kowa sai ya bi ta gabanka.

Akwai saitin da ke gaya wa kyamara tsawon lokacin da za ta yi haƙuri idan abin da ke cikin akwatin ya canja nisa farat ɗaya. A Canon yana tafiya daga -2 zuwa +2, kuma ɓangaren ragi ne mai riƙewa. Tun daga kyamarorin 1D X da 5D Mark III na 2012 suka haɗa shi cikin zaɓuɓɓuka shida, Case 2 ne aka tsara don ƙyale masu gilmawa. A Nikon daga 1 zuwa 5 ne, 5 shi ne mai jinkirin saki. A Sony ma daga 1 zuwa 5 ne, amma a can 1 ne mai riƙewa, 5 mai saurin tsalle. Ku lura da wannan sosai. Na ga abokin aiki da ya sauya kyamara ya tafi da lambarsa ta da, ya yi wasa guda yana mamakin abin da ke faruwa.

Ni a ƙwallon ƙafa nakan matsa mataki ɗaya zuwa ɓangaren riƙewa, ban cika kaiwa ƙarshe ba. Dalili kuwa, riƙon ba ya tantance wanda ya dace. Idan tun farko allon talla ta kama, shi ma haka za ta riƙe shi, kana ta ɗora akwatin a kan ɗan wasa tana ƙin dawowa. Maganinsa ka saki maɓallin ka sake dannawa. Shi ya sa na mayar da fokas zuwa maɓallin AF-ON na bayan kyamara, babban yatsa na fokas, manuniya na ɗauka. Da zarar na ga ta kama abin da ban so ba sai in ɗaga yatsa in mayar, ta fara sabon lissafi.

Ƙarƙashin Kwando:
Hajiya, a nan dai mun rabu kaɗan. Ni ƙwallon kwando nake ɗauka, ina zaune a bayan layi kusa da kwando, kuma abin da kika ce ya yi mini illa da na gwada. A wurinmu ƙwallo tana barin hannu zuwa hannu kafin ƙiftawar ido. Ina kan mai ɗauke da ita a mita 10, ya miƙa wa wanda ke mita 4, na juya kansa, kyamara kuma tana nan tana jiran na farko ya dawo. Kafin ta yarda an riga an zura. Sai na mayar da saitin riƙewar tsakiya, wani lokaci ma mataki ɗaya zuwa ɓangaren sauri.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne ɗaya saitin, wanda ke kula da mai tsayawa da tashi ba zato, Case 4 a Canon. Ɗan kwando ba ya gudu miƙe kamar ɗan tsere. Zai taho a guje, ya ci birki, ya yi sama. Idan kyamara tana hasashen zai ci gaba da tahowa, sai fokas ya wuce shi ya faɗo gabansa.

Sannan a cikin zaure ku yi hattara da fitila. Inda wutar lantarki take kan 50Hz wasu fitilun suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma 1/1000 tana gani. Hoto ɗaya ya yi haske, na kusa da shi ya yi duhu da wani launi, mutum ya ɗauka fokas ne. Canon 7D Mark II ta 2014 tana da saitin da ke jiran ƙololuwar hasken kafin ta ɗauka, kuma kyamarori da yawa bayanta sun samu irinsa. Yana ɗan rage saurin ɗauka a jere, amma na yarda da cinikin.

Hajiya Mai Lens:
Ba mu rabu ba, Yaya, filinka ne ƙarami. Da ni ce a ƙarƙashin kwando haka zan yi.

Mai Tsayawa Nesa:
Nawa gajere ne. Ƙwallon raga, ina ɗauka daga ƙarshen fili, raga tana tsakanina da masu fuskantata, fokas kullum sai ya maƙale a ragar. Abin da ya yi mini aiki: ɗigo guda, wato ƙaramin akwatin fokas ɗaya, in sa shi a ƙafafunsu ta ƙarƙashin raga, in kama, in saki AF-ON, in ɗaga kyamara in jira tsalle. Mai dukan ƙwallo kusan a inda yake yake tashi, nisan ba ya canjawa sosai.

Kuma ku dubi gefen lens ɗinku. Akwai makunnin da ke taƙaita nisan fokas, a 70-200 f/2.8L IS II na Canon za ka zaɓi daga mita 1.2 ko daga mita 2.5. Idan ka sa na nesa, ko fokas ya ɓace ba zai dawo har kusa yana lalube ba, sai ya farfaɗo da wuri.

Ɗan Bakin Layi:
Allah ya saka da alheri. Malam, na bi ciyawar kamar yadda ka ce. Mafi yawansu sakin gaba ɗaya ne, allon talla ya fita har ana karanta rubutu. Amma wani abin mamaki, a da yawa daga ciki babu wanda ya gilma. Ɗigo guda nake amfani da shi. Shin in buɗe wa kyamara duka ɗigoginta ta zaɓa da kanta?

Tsohon Hannu:
A'a, kada ka tsallaka daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Abin da ke faruwa shi ne ɗigon yana zamewa daga jikinsa. Mutum na gudu yana karkata, lens na da nauyi, ɗigon ya faɗa ta tsakanin hannunsa da haƙarƙarinsa na ɗan lokaci, ya ga rubutun allo baƙi a kan fari. Na'urar fokas bambancin haske da duhu take nema, kuma allon ya fi rigar ɗan wasa ba ta abin kamawa.

Ka zaɓi ɗigo guda mai mataimaka a kewaye. Canon na da mai ƙarin 4 ko 8, a D500 ta Nikon akwai mai 25 da mai 72 daga cikin 153 ɗinta. Kai ne kake zaɓar inda za a fara, maƙwabtan su tare idan ka zame. Mai 25 ya ishe ni a ƙwallon ƙafa. Idan ka faɗaɗa da yawa, a cunkoson bugun kusurwa sai mataimakan su kama kafaɗar wani.

Kuma ka daina neman kai. Kai ƙarami ne, yana rawa. Sa ɗigon a ƙirji inda lamba ko tambari yake. Daga nisan da muke ɗauka, ƙirji da fuska duk suna cikin wurin da zai fita. Farar riga fes marar rubutu a cikin rana ita ce mai wahala, a nan sai in sauko inda riga ta haɗu da wando.

Shi kuwa 3D, saitin bin motsi na Nikon, da launi yake taimaka wa kansa wajen bi. A wasan tanis, mutum ɗaya a fili, yana yin kyau ƙwarai. A inda mutum 10 suke sanye da riga iri ɗaya kuwa ban ba shi amana ba.

Sabon Yayi:
Ku masu DSLR sannunku da ƙoƙari. Ni na koma kyamara marar madubi, kuma gaskiya zamewar ɗigo ta ragu sosai. Tun Sony a9 ta 2017 aka kai hoto 20 a daƙiƙa da ɗigo 693 da suka kusa rufe hoton duka, ba tare da allon dubawa ya yi duhu tsakanin hotuna ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi canja mini aiki, don ina ganin ɗan wasan koyaushe.

Sai dai matsalar ta sake kama ne kawai. Idan na kunna gane fuska na bar mata fili duka, duk fuskar da ta fi fitowa sarari ita za ta bi. Ɗan wasana ya sunkuyar da kai yana kallon ƙwallo, ɗan kallo a sahun gaba ya miƙe yana fuskantata, sai akwatin ya yi tsalle can. Har fuskar da aka buga a allon talla ta taɓa ɗauke mini shi. A tseren keke kuma hular kwano da tabarau suna sa ta shakka. Yanzu ƙaramin akwati nake sawa, in ɗora a kan wanda nake so, bin ya fara daga nan. Na kuma ware maɓalli ɗaya da ke kashe gane fuska ya ba ni ɗigo guda muddin ina danne da shi, saboda cunkoson gaban raga.

Mai Dogon Lens:
Bari in kawo wanda ba na saiti ba ne. Na taɓa samun lens da kullum layin ciyawar yake faɗawa ɗan bayan ɗan wasa, ko da yana tsaye cak yana jiran bugun tazara. Tsayuwar ce ta tona asirin, don mai tsaye ba ya buƙatar hasashe. A DSLR na'urar fokas daban take a ƙasan madubi, ba ita ce sensa mai ɗaukar hoto ba, saboda haka ana iya samun ɗan saɓani tsakaninsu. Na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na jingina ma'aunin tsawo a karkace, na gwada da lens a buɗe duka, na gyara a saitin daidaita fokas mai tafiya daga -20 zuwa +20. Ya zauna.

Wani abin kuma, da tsakar rana idan ƙasa ta ɗau zafi, musamman a fili mai ciyawar roba, duk abin da ke can ɗaya ƙarshen sai ya fito kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Iska ce mai zafi ke rawa, babu saitin da zai gyara. Jira nake su matso. Idan kuma kana ƙara gilashin ninka nisa, ka tuna 1.4x yana mayar da f/2.8 zuwa f/4, 2x kuma zuwa f/5.6, hasken da ke isa na'urar fokas ya ragu, bin ma ya yi nauyi.

Tsohon Hannu:
Gwajin da ka yi daidai ne, amma Ɗan Bakin Layi kada ya shiga wannan saitin. Nasa yana fita tar a hotunan farko, ke nan lens ɗinsa lafiya lau. Na ga waɗanda suka karkatar da lens mai kyau saboda hotunan gudu.

Ƙarƙashin Kwando:
Saura abu ɗaya da ba a taɓo ba, fifiko tsakanin ɗauka da fokas. A Nikon shi ne a1 a menu, a Canon an raba shi biyu, na hoton farko da na masu biyo baya. Ni na farkon nakan bar shi a kan ɗauka, don idan na danna ina so ta ɗauka nan take, masu biyo baya kuma in karkata su zuwa fokas. Jerin yana ɗan tsinkewa idan haske ya yi ƙasa, amma abin da nake zubarwa ya ragu.

Hajiya Mai Lens:
Ni duka a kan ɗauka nake barinsu. Lokacin da ƙwallo ke barin goshin mai kai hari, ba na son kyamara ta tsaya tunani ko na ɗan ƙanƙanin lokaci. Hoton da ya ɗan yi laushi ana iya buga shi ƙarami, edita ma ya karɓa. Ɗan Bakin Layi, ka canja abu ɗaya kawai a wasa na gaba, ɗigon mai mataimaka, ka bar sauran yadda suke. Idan ka juya uku lokaci guda ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Ka fara danna AF-ON tun ƙwallo tana hanyar zuwa wurinsa, sannan ka kawo mana hotunan da suka ƙi, har da ciyawar a ciki, kada ka yanke ƙasan.