Tambaya kan binciken Farfesa Susumu Kitagawa

Ɗalibin Kimiyya: Assalamu alaikum. Malamai, wane aiki Farfesa Kitagawa na Jami'ar Kyoto ya yi har ya samu kyautar Nobel ta 2025 tare da Richard Robson da Omar Yaghi?

Malamar Sinadarai: Wa alaikumus salam. A 1997 ya haɗa ƙwayoyin ƙarfe da sinadarai masu ɗauke da kabon, ya samar da daskararren abu mai ƙananan ramuka, inda iskar gas kamar oksijin da naitirojin ke shiga ta maƙale, sannan ta fita ba tare da ginin ya rushe ba. Da farko an raina aikin, domin ma'adinin ziyolait yana yin makamancin haka.

Injiniya: Malama, ni hasashensa na 1998 ya fi burge ni, cewa ramukan za su iya buɗewa su kuma tsuke, abin da ziyolait mai tauri ba ya iyawa.